Ku Tambaya Mu Amsa: Fim ɗin da hoton shi baya motsi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka man. Na je wajen masu turin fim aka tura man wani tsohon fim na Faransa marar kala, wai labarin rayuwa ne bayan yaƙin nukiliya, to wallahi tunda na kunna hotuna ne kawai tsaye wani mutum na ta surutu, na koma na ce ma yaron ya bani lalatacce shi kuma ya rantse haka yake. Wa ke da gaskiya? Daga mai karatunku a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, ka koma ka ba yaron nan haƙuri, haka fim ɗin yake. Yadda ka kwatanta La Jetée ne, na Chris Marker, 1962, duka duka minti 28, kuma da gangan ya haɗa shi da hotunan kyamara tsayayyu ana jero su mai ba da labari na magana. Wuri ɗaya tak akwai motsi, inda wata mata ta farka daga barci tana ƙifta ido, in ka juya ka amsa sallama ya wuce ka.

Labarin kuwa, yaƙin duniya na uku ya ruguza Paris, waɗanda suka tsira sun koma zama ƙarƙashin ƙasa saboda gubar nukiliya ta hana zaman sama, sai masana cikinsu suka riƙa gwaji da fursunoni suna tura su zamanin baya da na gaba neman agaji, suka dace da wani da fuskar wata mata ta maƙale mashi a zuciya tun yana yaro a filin jirgin Orly na Paris. Ƙarshen kam ba zan faɗa ba. Daga labarin nan aka ɗauko fim ɗin 12 Monkeys na 1995, amma ni dai na asalin ya fi kama ni.

Kuma kar ka ɗauka tsoron nan na Turawa ne su kaɗai. A 1960 Faransa ta fara gwajin bam ɗinta na nukiliya a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, arewa da mu ke nan, har Najeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a Janairun 1961 saboda gwaje-gwajen.

Ka nemi mai fassarar Turanci a ƙasa, ka kalle shi da dare ba ana hira ba.