Mece ce ma'anar 12/50 a ƙasan hoton?

Malam, ka tambayi darajar hoton bugu (zanen da mai zane ke bugawa kwafi-kwafi) mai lamba 12/50 da ka saya a Samaru. Lambar tana nufin kwafi 50 kacal aka buga, naka ne na 12. Duba ko mai zanen ya sa hannu da fensir a ƙasa, shi ke raba shi da fosta. Farashi kuwa sunan mai zanen yake bi. Misali, mai zane Bruce Onobrakpeya a nan Zariya ya yi karatu, yana cikin ƙungiyar masu zane ta Zariya da aka kafa a 1958, yau ana rububin bugunsa. Dagin da ka ce yana cikin hotonka ya burge ni, irin wanda magina ke yi a jikin soraye a cikin birni. Ka nisanta shi da rana da danshi, kada ka naɗe shi.