Ina kuɗina ke tafiya? Cire-ciren da ba a lura da su a waya da banki

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Zariya, kuma ina ɗan sayar da turaren wuta da humra ta WhatsApp. Albashina da kuɗin sana'ar duk asusu ɗaya suke shiga. Abin da ke damuna shi ne tun kafin 20 ga wata asusun ya bushe, alhali ban san wani babban abu da na saya ba. Idan na sa katin naira 500 a waya, kafin in kira kowa sai in tarar an zaftare wani abu. Kwanan nan ma na ga alat na cirar kuɗi da wani suna na Turanci da ban gane ba, da na duba baya sai na ga ashe duk wata ake cirewa. Don Allah sata ake yi mini, ko ni ce ban iya riƙon kuɗi ba?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama. Mai yiwuwa ba ko ɗaya daga cikin biyun. Abin da kika bayyana ya fi kama da buhun hatsi mai ƙananan huji da yawa: ba wanda ya ɗauke shi, amma kullum raguwa yake yi. Kuɗinki na fita ta ƙofofi uku. Akwai abin da aka yi wa rajista da layinki ko katinki, da saninki ko ba da saninki ba, yana sabunta kansa. Akwai cajin banki da harajin gwamnati. Sai kuma abin da kike kashewa da hannunki ba tare da rubutawa ba. Na farko ana iya yanke shi yau ɗin nan, na biyu rage shi ake yi, na uku kuwa sai da biro da takarda.

Mu fara da wayar, domin nan ne aka fi cutar masu ƙaramin ƙarfi. Kamfanonin sadarwa suna da abokan hulɗa masu sayar da ƙananan hidimomi: waƙar da mai kiranki ke ji kafin ki ɗauka, sakamakon ƙwallo, wasannin waya, gasar kacici-kacici, saƙon addu'a ko shawarar lafiya ta kullum. Kowanne kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, naira 20 ko 50 a rana ko a mako, shi ya sa ba wanda ke ɗaga murya a kansa. Amma ki yi lissafi. Naira 50 a kullum, naira 1,500 ce a wata, 18,250 a shekara. Kuma tsarin yana da naci: idan ya zo cira bai tarar da kuɗi ba, sai ya jira, da kin sa kati ya dawo. Wannan ne dalilin da kike ganin kuɗin ya ragu tun ba ki kira kowa ba.

Yadda ake faɗawa ciki ba wuya. Wani saƙo ne ya faɗo kan fuskar waya kina cikin sauri, kika danna don ya gushe, ashe amincewa kika yi. Ko talla ce ta fito a shafin intanet, yatsa ya taɓa. A gidajenmu kuma, wayar uwa ta kowa ce. Yaro ya karɓa zai yi wasa bayan Magariba, ya ga hoto mai ƙyalli ya danna, shi ke nan an yi rajista da layinki.

Maganin yana hannunki. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta haɗe gajerun lambobin kamfanonin waya suka zama iri ɗaya, ko MTN kike amfani da shi, ko Airtel, ko Glo. Ki danna *305#, lambar da aka ware don dakatar da irin waɗannan hidimomi, ki bi umarnin ki soke duk abin da ba ki so. Idan bai yi miki ba, ki kira 300, ki ce a karanto miki duk rajistar da ke kan layinki a soke, kuma ki nemi lambar ƙorafi ki rubuta. Bayan haka ki aika kalmar STOP zuwa 2442 don toshe saƙonnin talla da ba ki nema ba. Ki lura, 2442 talla take tsayarwa, kada ki dogara da ita wajen soke rajistar da ta riga ta ɗauru. Mutane da yawa nan suke tsayawa, su ɗauka sun gama.

Abu biyu kuma na cin katin waya. Na ɗaya data mai sabunta kanta, ko kuma datar ta ƙare wayar ta koma shan kuɗin kira kai tsaye, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Duk lokacin da kika sayi data ta *312#, ki zaɓi saye sau ɗaya, ban da sabuntawa. Na biyu rancen kati. Galibi kamfanonin na ɗaukar kashi 15 cikin ɗari a matsayin ladan hidima, wato ki ranci 500 a ba ki 425, ki biya 500. Wanda ya mayar da wannan al'ada duk mako ya ɗora wa kansa haraji da hannunsa.

Yanzu ga wancan suna na Turanci da ke fitowa duk wata. Idan rana ɗaya ake cirewa kuma adadi ɗaya, alama ce ta rajistar wata manhaja. Galibi ɓarawo ba ya zuwa da jadawali, idan ya samu dama kwashewa yake yi gaba ɗaya. Abin da ke faruwa shi ne, wata rana an taɓa shigar da lambobin katinki na banki a wata manhaja, wataƙila ta gyaran hoto ko haɗa bidiyo don tallar kayanki, ko ta kallon fim, ko ƙarin wurin ajiya. Suka ce gwaji ne kyauta na kwana uku ko bakwai. A ranar farko bankinki ya turo miki lambar sirri kika shigar. Daga nan an adana katin, kuma cirar da za ta biyo baya ba ta buƙatar a sake tambayarki. Wannan ne abin da ya fi ba mutane mamaki: "Ai ban ba kowa lambar sirri ba." An bayar, sau ɗaya, watanni da suka wuce.

Goge manhajar daga waya ba ya soke rajista. Ina so ki riƙe wannan da kyau, domin shi ne kuskuren da na fi gani. Idan wayarki Android ce, ki buɗe Play Store, ki taɓa hotonki da ke sama, ki shiga sashen biyan kuɗi, ki nemi inda aka rubuta "Subscriptions". Duk abin da ake caje ki ta hanyar Google yana nan a jere. Idan iPhone ce, ki shiga saiti, ki taɓa sunanki, za ki ga wannan kalmar. In akwai adireshin Gmail fiye da ɗaya a wayar, ki duba kowanne, har da na yara. Abin da ba ki gani a can ba, to a shafin kamfanin aka yi shi kai tsaye. Ki kwafi sunan da ke cikin alat ɗin ki bincika a saƙonninki na imel, yawanci rasit yana can.

Kafin ki soke komai, ki tsaya a kan wurin ajiya. Google na ba kowa gigabait 15 kyauta, kuma tun daga 2024 abin da WhatsApp ke adanawa a wayoyin Android yana shiga cikin wannan lissafi. Mai sana'a irinki, da hotunan kaya da bidiyon biki, nan da nan take cika shi. Idan kika daina biyan ƙarin wuri alhali kin haura ma'auni, saƙon imel zai daina shigo miki. Ki fara share tarkace tukuna, sannan ki soke. Kuma ki duba ko da dala ake caje ki. Kafin a saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala a farashin hukuma ba ta kai naira 500 ba, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Rajistar dala biyar da ba a damu da ita ba a da, ta ninka sau uku ba tare da an ƙara miki komai ba.

Idan kin bi duk wannan ba ki gano tushen ba, ki je banki ki ce a toshe katin a ba ki sabo. Duk wanda ya adana tsohon zai rasa hanya. Kuɗin sabon kati ya fi sauƙi a kan shekara guda ta cira. Ki tambaye su kuma ko akwai wani izinin cira kai tsaye a kan asusunki, musamman idan kin taɓa karɓar rance daga manhajojin bashi, domin irin wannan izini da asusun aka ɗaure shi, canza kati ba ya kashe shi.

Cajin banki kuwa, ba zan ce miki za ki tsira daga gare shi ba, amma sanin sa na rage zargi. A jadawalin Babban Bankin Najeriya da ya fara aiki a Janairun 2020, tura kuɗi zuwa wani banki naira 10 ce idan bai wuce 5,000 ba, 25 har zuwa 50,000, sai 50 idan ya haura, a ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan cajin. A wancan jadawalin, kula da katin asusun ajiya naira 50 ce duk wata uku. Akwai naira 50 ta gwamnati a kan kuɗin da aka tura daga 10,000 zuwa sama, wadda tun Disambar 2024 ta haɗa da su OPay, PalmPay da Moniepoint. Kuɗin saƙon alat ya tashi daga naira 4 zuwa 6 a 2025 bayan ƙarin kuɗin sadarwa. Daga Maris na 2025, cirar kuɗi a na'urar wani banki naira 100 ce a kan kowace 20,000, an kuma soke cira uku ta kyauta da aka saba. Yin hulɗa da banki ta lambobin danna-tauraro, wato USSD, naira 6.98 ce a kowane zama, kuma daga tsakiyar 2025 aka koma cire ta daga katin waya. Ki ga ke nan wani ɓangare na katin da kike ganin yana ɓacewa, duba asusu ne da kike yi sau biyar a yini ki ga ko mai sayen humra ta turo.

Wasu na ba da shawarar a kashe alat na tes a koma imel don tsimin naira shida-shida. Ni ba na goyon bayan haka ga wanda ba ya buɗe imel kullum. Alat ɗin ne ya tona miki wannan cirar. Abin da ya fi shi ne ki riƙa amfani da manhajar bankin maimakon lambobin dannawa, ki haɗa ƙananan turawa su zama ɗaya, ki kuma rage zuwa wurin mai POS don cirar dubu bibbiyu, kowacce da ladanta.

To, ga abin da nake ganin shi ne ainihin matsalarki, ya ma fi duk na sama nauyi: albashi da kuɗin sana'a a tukunya ɗaya. Muddin haka ne, ba za ki taɓa sanin ko turaren na kawo riba ba, ko albashin ne ke ciyar da shi. Kuɗin da wata ta turo na kwalba uku, jari ne da riba a haɗe, amma ido na ganinsa a matsayin kuɗin kashewa, sai a yi cefane da shi. Ranar saro kaya kuma a ɗebi albashi. Ki raba su. Asusu ɗaya na albashi, wanda ba za a shigar da katinsa a kowace manhaja ba. Ɗaya na sana'a. Idan akwai rajistar da kike so da gaske, ki ɗora ta a kan wani ƙaramin asusu da kike zuba masa daidai kuɗinta duk wata. Wanda ya zo cirar abin da ba ki shirya ba, ya tarar da wayam.

Sannan ki nemi bayanin asusunki na wata uku. Ta manhaja ko imel za ki same shi, ba sai kin biya kuɗin bugawa ba. Wata ɗaya bai isa ba, domin maimaici ake nema. Ki zauna ranar Asabar da jan biro, ki ja layi ƙarƙashin duk adadin da ya fito fiye da sau ɗaya da suna iri ɗaya. Ki kewaye duk wanda ba ki gane ba.

Za ki tarar da wani abu da takardar banki ba za ta iya gaya miki ba. Layi ɗaya ne zai ce an cire 10,000 a POS, amma ba zai ce 2,000 kuɗin Keke Napep ba ne, 1,500 gudummawar suna, 3,000 kayan miya, 500 kuɗin tara na yara, sauran kuma ƙanin maigida ya zo gaisuwa. Don haka na wata guda cur, ki rubuta duk abin da ya fita daga hannunki, komai ƙanƙantarsa, a daren ranar kafin ki kwanta. Littafin rubutu na ɗalibai ya wadatar. In kin fi sabawa da waya, ki riƙa tura wa kanki saƙo a WhatsApp: "500 gawayi", "1,000 anko". Ba kya buƙatar manhajar lissafi, wasunsu ma kuɗin wata suke karɓa.

Ki ba ɗawainiyar dangi da biki da suna da gaisuwar mutuwa gurbinsu a lissafin, kada ki ɗauke su a matsayin abin da ya faɗo kwatsam. A rayuwarmu ba watan da ke wucewa babu su, kuma zumunci ba ɓarna ba ne. Abin da ke karya mutum shi ne yin sa ba da ƙiyasi ba. Haka kuɗin makaranta na kowane zango, kayan azumi, ɗinkin Sallah da kuɗin haya: ki tara jimillarsu ta shekara ki raba gida 12, ki riƙa ware wannan kason da zarar albashi ya shigo, ko ki shiga adashin da kwasarki za ta faɗo daidai lokacin.

Game da kuɗin da aka riga aka cire, ki nema, amma ki san iyakarsa. Idan rajista ce da aka yi da katinki aka manta, da wuya a dawo da na watannin baya, sai dai na kwanan nan idan kin yi saurin nema a wurin Google ko Apple. Idan kamfanin waya ne ya sa ki cikin hidimar da ba ki nema ba kuma bai warware ba, ki kira NCC kyauta a 622 da lambar ƙorafin da suka ba ki. Idan kuma cira ce da kika tabbatar ba daga gare ki ko yaranki ta fito ba, ki sa a toshe katin nan take, ki rubuta wa bankin ƙorafi a takarda, ki karɓi shaidar sun amsa. Suna da mako biyu su warware. In sun wuce haka, ki kai maganar Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki, haɗe da kwafin ƙorafin da shafin bayanin asusun da cirar ta fito.