Baffa, jirgin aike ba ya ɗaukar buhu

Baffa, na saurari saƙon muryar da aka naɗo maka, inda kake tambaya ko gaskiya ne mu nan Amurka mun daina zuwa kasuwa, ƙaramin jirgi marar matuƙi ke kawo mana cefane. Abin akwai shi, amma masu ba ka labari a majalisar Auyo sun sa masa gishiri.

A nan yankin Dallas, wasu kantunan Walmart suna aike da shi. Na taɓa gani a unguwar wani abokina: ya zo yana ƙugi kamar taron ƙudan zuma, ya tsaya a sama bai sauka ba, ya zuro ɗan kwali da igiya kan ciyawar tsakar gida, ya juya abinsa. Maganin mura ne a ciki da burodi. Iyakarsa ke nan. Na kamfanin Amazon, wanda ya fara kai saƙo a Ingila a 2016, kilo biyu da 'yan kai yake ɗauka, ko tiyar gero bai kai ba. Ga shi yana son fili, mu kuwa yawancinmu a benen haya muke. Ina zai ajiye?

Shi ya sa Hausawan nan har gobe sallahu muke yi. Buhun shinkafa da manja a bayan mota muke ɗauko su daga shagon 'yan Afirka, galibi bayan an sauko Juma'a. Idan kuma wani zai je gida, sai a sanar a zauren WhatsApp, kowa ya kawo ɗan ƙunshinsa a cusa a jaka mai kilo 23. In zai dawo ya riƙo mana kuka da daddawa da yaji. Kilishi ne kawai jami'an kwastam ba sa bari ya shigo, an sha ƙwace na mutane ana ji ana gani. Ɗan aike zai gaishe ka, ya duba jikin Inna, ya dawo ya faɗa mini abin da kuke ɓoye mini a waya.

In don ni ne, ku kuka fi mu buƙatar jirgin nan. Tun 2016 kamfanin Zipline ke kai jini asibitocin karkara a Ruwanda, a 2022 ya fara aiki a jihar Kaduna, yana sako kwalin magani da 'yar lema. Ka tuna yadda ruwan kogin Haɗeja ke yanke hanya da damina, ga mai naƙuda tana zubar da jini ko manomi maciji ya sare shi a fadama. Ledar jini ko kwalbar allura ba ta da nauyi. Sai dai yana buƙatar wutar cajin batir, da izinin hukuma, da wanda zai tsaya ya karɓa a asibitin, kuma guguwar farkon damina tana iya hana shi tashi.

Takalmin da ka ce kana so yana hannun wanda zai taso bayan Sallah. A gaida Inna.