Ku Tambaya Mu Amsa: Bidiyo ya yi nauyi, data na ƙarewa kafin ya hau

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da girki a YouTube. Bidiyon da na ɗauka na minti 12 ya kai kusan gigabait 2. In na fara ɗora shi sai ya kwana yana hawa, wani lokacin ma ya yanke a tsakiya. Yaya zan rage masa nauyi ba tare da hoton ya lalace ba? — Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Nauyin bidiyo lissafi ne mai sauƙi: yawan bayanan da ake zubawa a kowane sakan, wato bitiret, sau tsawon bidiyon. Ana auna bitiret da megabit, nauyin fayil kuma da megabait, kuma megabit 8 ne ke yin megabait 1. To ki duba naki: gigabait 2 wato megabait 2000, sau 8, a raba da sakan 720 na minti 12, ya ba da kusan megabit 22 a sakan. Wataƙila wayarki tana ɗauka ne a 4K, wato hoto mai ɗigo masu yawan gaske, ko kuma manhajar da kike tace bidiyo da ita tana fitar da shi da bitiret mafi tsawo.

YouTube da kansa megabit 8 yake ba da shawara ga bidiyon 1080p (lambar girman hoto ce) mai hoto 30 a sakan, megabit 5 kuma ga 720p da bai kai shi girma ba. A megabit 8, minti ɗaya megabait 60 ne, kin ga minti 12 ɗinki ya dawo megabait 720. Kusan kashi biyu cikin uku na datarki ke nan ya tsira, kuma galibin masu kallonki a waya suke kallo, ba za su ga bambanci ba.

In kina da kwamfuta, ki sauke HandBrake, kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Ki jawo bidiyon ki jefa a ciki, ki zaɓi tsarin da aka rubuta Fast 1080p30, ki bar nau'in fayil a MP4. Ki sa alama a Web Optimized: wannan yana mayar da jadawalin fayil ɗin zuwa farkonsa, ta yadda zai fara wasa tun bai gama sauka ba. A shafin Video akwai wani ma'auni mai suna RF. Shi ne zuciyar aikin, kuma a juye yake tafiya: ƙaramar lamba hoto mai kyau da nauyi, babbar lamba hoto mai rauni da sauƙi. Ga 1080p ki tsaya tsakanin 20 da 24. A ƙiyasi, duk ƙarin maki 6 yana raba nauyin gida biyu, don haka daga 22 zuwa 28 ba ƙaramin tsalle ba ne. Sauti kuwa, tunda magana ce da ƙarar tukunya, tsarin sauti na AAC mai kilobit 128 ya wadatar.

Kada ki saka duka minti 12 a gwajin farko. Ki yanko sakan 30 daga wurin da ya fi motsi, misali inda kike juya miya tururi na tashi, ki matse shi, ki tura wayarki ki kalla. In ya yi, sai ki saki sauran.

In kuma da waya kaɗai kike aiki, irin su CapCut suna nuna girman hoto da yawan hoto a sakan da bitiret a shafin fitarwa. Ki sa 1080p, hoto 30, ki sauko da bitiret zuwa wajen megabit 8. Gaba kuma ki shiga saitin kyamara ki sauke ta daga 4K tun kafin ɗauka, domin ɗigon hoton 4K ya ninka na 1080p sau huɗu.

Tambaya: Na sa bidiyona a ZIP amma nauyin bai ragu ba. Manhajar ce ba ta da kyau? — Wani ɗalibi daga Maraɗi

Amsa: Lafiyarta ƙalau, ɗan'uwa. ZIP tana neman maimaici ne ta taƙaita, shi kuwa MP4 an riga an tatse shi tun a cikin waya, babu abin da ya rage mata. Bidiyo ba ya raguwa sai an sake matse shi da ƙaramin bitiret, an yarda a zubar da wani abu daga hoton.

Tambaya: Ni tela ne, ina tallar ɗinki a Facebook da Instagram. In na matse bidiyon da nake magana a shago yana fita tsaf. Amma da na ɗauki wani a wajen biki da dare, da saiti iri ɗaya, sai zanen atamfa ya dame, fuskoki suka zama murabba'i-murabba'i. Me ya jawo? — Mai karatu daga Kano

Amsa: Malam, saitin ɗaya ne, amma aikin da ka ba shi ba ɗaya ba ne. Manhajar matsewa ba ta adana kowane hoto cikakke. Takan ajiye cikakke guda ɗaya, sannan a waɗanda ke biye ta rubuta abin da ya canza kawai. A shagonka bango bai motsa ba, keken ɗinki na nan inda yake, bakinka da hannunka kawai ke motsi, sai kusan duk bitiret ɗin ya tafi kan fuskarka. A wajen biki kuwa kowa na rausaya, fitilu na canza launi, wayar ma a hannu take tana karkarwa, babu wani ɓangare na hoton da ya tsaya. Ga atamfa da leshi da aikin wuyan riga, ƙananan zane ne masu cin bitiret sosai. In kason bai isa ba, sai ta shafe zanen ta bar maka dabbare-dabbare.

Duhu ya fi duka ɓarna. In haske ya yi ƙaranci, kyamarar waya tana ƙara ƙarfin gani, sai wani tsaki-tsaki ya cika hoton kamar an watsa yashi. Tsakin nan yana canza wuri a kowane hoto, manhajar kuma ba ta san shara ba ce, sai ta ɓata bitiret wajen adana shi.

Maganin farko a wajen ɗauka yake: ka kafa wayar a kan ƙafa uku ko ka jingina ta, ka nemi haske a gaban mai kayan ba a bayansa ba, in ka juya kyamara ka juya a hankali. Na biyu a wajen matsewa: a HandBrake, irin wannan bidiyon ka ba shi RF 19 ko 20, ka ja ma'aunin Encoder Preset zuwa Slow. Zai daɗe yana aiki, amma yana samun lokacin neman hanyar da ta fi tattali. A shafin Filters akwai Denoise. NLMeans a matakin Light yana share tsakin. Kada ka wuce haka, in ba so kake shadda ta koma kamar leda ba.

Abu ɗaya kuma da muke yawan gani: a karɓi bidiyon da aka turo ta WhatsApp, a tace shi, a matse, a ɗora Facebook, shi ma ya sake matsewa. Sau uku ke nan ana zubar da wani abu, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Ka ce wa mai turowa ya aiko da shi a matsayin takarda, wato ta Document, inda WhatsApp ke karɓar har gigabait 2 ba tare da ya taɓa shi ba.

Tambaya: Bayan na tace bidiyo a kwamfuta, da farko baki da murya suna tafiya tare, amma zuwa minti na takwas murya ta riga baki. Ina matsalar take? — Wani malamin makaranta daga Kumasi

Amsa: Allah ya gafarta Malam, wayoyi da manhajojin naɗar fuskar kwamfuta ba sa riƙe yawan hoto a sakan daram. Yanzu 30, an jima 27, musamman in haske ya ragu ko waya ta yi zafi. Wasu manhajojin tacewa suna ɗauka 30 ne daga farko har ƙarshe, sai ɗan giɓin ya riƙa taruwa har ya fito fili. Kafin ka fara yanka, ka bi da ainihin fayil ɗin ta HandBrake, ka sa Framerate a 30, ka zaɓi Constant Framerate. A wannan zagayen ka sa RF 18 domin hoton ya tsira, tunda akwai wata matsewar a gaba.

Tambaya: An ce H.265 ya fi H.264 rage nauyi. In koma kansa? Kuma yaya zan sa bidiyo ya tsaya a daidai nauyin da nake so? — Wata mai karatu daga Yamai

Amsa: Gaskiya aka faɗa miki, Malama. Dukansu hanyoyin matse bidiyo ne: H.264 ya fito a 2003, H.265 a 2013, kuma an tsara na biyun ne ya ba da hoto iri ɗaya da kusan rabin bitiret, ko da yake a aikace ragin kan gaza haka. Kuɗinsa shi ne jinkirin matsewa, sannan tsofaffin wayoyi da talabijin da yawa ba sa buɗe shi, ko su buɗe yana tsinkewa. Don ɗorawa a YouTube ko ajiya a rumbunki, ki yi amfani da shi, ki sa RF wajen 26 zuwa 28, domin lambobinsa ba daidai suke da na H.264 ba. In kuwa fayil ne da zai yi yawo hannu da hannu ta Xender ko katin waya, ki tsaya a H.264.

Batun tsayar da nauyi, RF ba ya yi miki alkawarin adadi. Sai ki juya lissafin. A ce minti 10 ne, kina son megabait 200: 200 sau 8 ya ba da 1600, a raba da sakan 600, ya ba da megabit 2.6 da ɗoriya. Ki cire kason sauti, saura wajen megabit 2.5, wato kilobit 2500. A HandBrake ki zaɓi Avg Bitrate ki rubuta 2500, ki kunna zagaye biyu, wanda a na farko manhajar ke leƙa inda motsi ya fi yawa, a na biyu ta raba kason. A wannan bitiret ɗin ki sauko zuwa 720p, domin 1080p zai ji yunwa, 720p mai tsabta kuma ya fi shi kyan gani.