An ce in biya kuɗin fom kafin 'yata ta fito a talla

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. 'Yata shekararta shida, ga surutu ga kwaikwayo, duk baƙon da ya zo gidanmu yana fita za ta tashi ta yi irin tafiyarsa. Bayan Sallah na saka hoton kwalliyarta a Instagram, sai wani ya turo min saƙo wai shi wakilin kamfanin talla ne a Legas, suna neman yarinya 'yar Arewa da za ta yi tallar madara. Ya ce in tura naira dubu 35 kuɗin fom da na hoto kafin Juma'a, don gurbi biyu ya rage. Babanta ya ce bai yarda ba, ni kuma ina tsoron kada mu toshe mata hanyar arziki. Yaya zan yi? In kuma wannan ƙarya ce, ta ina ake farawa?

Wata uwa daga Zariya

Amsa:

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Kada ki tura ko sisi. A wannan karon maigida ya fi ki gaskiya.

A harkar talla da fim, mai neman fuskar yaro shi ke biya. Wakili na gaskiya la'ada yake ci, galibi kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na abin da aka biya yaron, kuma sai an yi aikin kuɗi sun shigo. In yarinya ba ta samu aiki ba, shi ma bai samu komai ba, shi ya sa yake zage damtse. Wanda kuwa ya karɓi dubu 35 ɗinki tun kafin a kunna kyamara, ai kasuwarsa ta riga ta tashi, me zai kai shi nemo mata aiki? Zancen "kafin Juma'a" da "gurbi biyu" an yi shi ne don kada ki samu sukunin yin shawara. Kina tura na fom sai ki ji an ce saura na kaya, daga nan na jirgi, ranar da kika fara tambaya kuma lambar ta daina shiga.

Abin da ke sa mutane faɗawa shi ne akwai ƙamshin gaskiya a cikin zancen. Tun 1 ga Oktoban 2022 hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ta hana sa fuskoki da muryoyin 'yan ƙasar waje a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya, don haka lallai kamfanoni na neman 'yan gida. Amma babban kamfanin madara ba ya karɓar kuɗi ta asusun wani mutum ɗaya. Ki dubi sunan da ke kan asusun da ya ba ki. Ki nemi sunan kamfani da lambar rajistarsa, ki duba a shafin CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni rajista, kyauta ne. Sai dai rajista kaɗai ba shaidar amana ba ce, ɗan damfara ma yana iya yi. Ki haɗa da tambayar ina ofishinsu yake da wace talla suka taɓa yi.

Kafin ma a je nan, kin tabbata ita take so? Na taɓa raka ɗan ƙanwata lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, a Kano yana ɗan shekara bakwai, shi ma gwanin kwaikwayo a tsakar gida. Ƙarfe takwas na safe aka ce mu zo. Muka zauna kan benci a gindin darbejiya, ya cinye biskit ɗinsa, ya yi barci a cinyata, ya farka, ba a kira shi ba sai bayan La'asar. Maganar da zai faɗa ba ta wuce "Baba, ga baƙi nan" ba, amma sau tara aka maimaita, fitila na gasa masa fuska, mutane kusan ashirin sun zuba masa ido. A na bakwai ya fara matsar ƙwalla. Abin da aka sallame mu da shi bai wuce kuɗin mota da na alewa ba. A cikin adaidaita ya ce min, "Anti, ni dai gobe makaranta zan je." Wani yaron kuwa da muka tarar a wurin ko a jikinsa, kamar a nan aka haife shi.

Don haka ki fara gwada ta a inda ba a biya kuma ba a karɓa: wasan kwaikwayon makarantarsu, ko wanda ake shiryawa ranar saukar Alƙur'ani a Islamiyya. In kika ga tana iya tsayawa gaban jama'a, tana jure maimaici, sai telar da ke muku ɗinki ko mai shagon kayan yara da kika san gidansu, ta sa kayansu a ɗauke ta kina tsaye. Hoton waya ya isa, da hasken rana, ba hoda ba jambaki. Yarinyar da za ta zubar da haƙoran gaba nan da wata shida, asara ce a kashe mata dubbai a situdiyo.

In fim ne, cibiyar tana Kano, ba nisa daga Zariya. Ku je da ƙafarku ke da babanta. Ofisoshin furodusoshi da dama suna wajen titin Gidan Zoo, akwai kuma Hukumar Tace Fina-Finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, tana yi wa masu sana'ar rajista, ga ƙungiyarsu ta MOPPAN. Duk furodusan da ya nemi 'yarki, ki tambaya a can ko an san shi.

Abin da ya fi kuɗin tayar min da hankali shi ne yarinyar kanta. Duk wanda ya ce ki turo hotonta da ɗan kamfai ko ba riga wai don a ga tsarin jikinta, ko ki kawo ta ɗakin otal, ko ki damƙa ta hannun wata a tafi da ita wani gari, ki adana saƙonninsa ki kai wa 'yan sanda ko NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, suna da ofishi a Kano. A lokeshin kuma idonki na kanta, canza kaya ke za ki yi mata, aikin kuma sai a ranakun hutu. A rubuta yarjejeniya: nawa za a biya, yaushe, a ina za a sa hoton, na tsawon wane lokaci. In ba haka ba, wata rana sai ki tsinci fuskar 'yarki a jikin robar man bilicin a kasuwar Sabon Gari. Ki kuma tuna za ta girma, bidiyon yana nan, kin kuma san bakin mutanenmu a kan 'yan fim. Yau ɗin nan ki goge duk hotonta da ke nuna kayan makaranta ko ƙofar gidanku.

Shi kuwa mutumin Legas, ki ce masa babanta na da ɗan'uwa a can, zai zo ofis ya biya hannu da hannu. Ki rubuto min amsar da ya ba ki.