Babi ya ɓace a Org mode: kada ki rufe Emacs tukuna

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibar digiri na biyu ce, kuma duk bayanan bincikena, tun daga kanun babi-babi har abin da na tsamo daga littattafai, suna cikin fayil guda na Org mode, tsarin rubutu mai kanu masu naɗewa, a manhajar rubutu ta Emacs. Shekaranjiya na sabunta Org daga cikin Emacs ɗin, jiya kuma ina cikin gyara sai na lura babi na uku ba ya nan gaba ɗaya, wasu kanun kuma ko na danna TAB ba sa buɗewa. Wani abokin karatuna ya ce fayil ɗin ne ya lalace, wai in rufe Emacs, in goge foldar saitin Emacs, wato .emacs.d, in sake sauke komai. Ban yi ba tukuna, ko kwamfutar ban kashe ba saboda tsoro. Saura mako uku in miƙa aikin ga malamin da ke duba ni. Shin babin ya tafi ke nan?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama. Tsoron da ya hana ki kashe kwamfutar ya yi miki rana, domin muddin Emacs ɗin nan yana buɗe, akwai kyakkyawan zaton babinki zai dawo ko da goge shi aka yi. Ki bar ta a jone da wuta, kada ki danna C-x C-s, umarnin adanawa (C- na nufin riƙe Ctrl, M- kuma riƙe Alt), kada kuma ki rufe fayil ɗin. Ki buɗe tagar umarni daban, ki kwafe foldar da fayil ɗin yake ciki dungurungum zuwa filashi, tare da fayilolin da sunansu ya ƙare da alamar ~ da waɗanda ke tsakanin alamun # biyu, wato kwafin ajiya da Emacs ke yi da kansa, sannan ki dawo mu bi lamarin.

Abin da ake fara tantancewa shi ne ko babin ɓoye yake ko kuwa babu shi. Ki tuno wata kalma da kika tabbata tana cikin babi na uku kaɗai, ki neme ta da umarnin bincike grep -n a cikin kwafin da kika yi, ko da findstr idan Windows kike amfani da shi, ki haɗa har da duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .org_archive. Idan ta fito a asalin fayil ɗin, to rubutunki yana kan faifai lafiya lau. A cikin Emacs ki duba layin ƙasa: idan kika ga kalmar Narrow, an taƙaita miki gani ne zuwa reshe ɗaya, wanda C-x n s ke jawowa, C-x n w kuma ke warwarewa. Bayan haka ki danna C-u C-u C-u TAB, wanda ke baje komai har da aljihunan bayanai. Kan da ke ɗauke da alamar ARCHIVE ba ya buɗewa da TAB na yau da kullum, kuma da gangan aka yi shi haka. Idan kuwa kalmar ta fito a fayil ɗin .org_archive, to yatsanki ya faɗa kan C-c $ ne, wanda ke ɗauke reshe ya kai shi ma'ajiya; idan ta fito ƙarƙashin wani babi, C-c C-w ne ya yi ƙaura da shi.

Idan duk wannan bai nuna shi ba, ki danna C-h l. Emacs yana riƙe da dannawa 300 na ƙarshe da kika yi tare da sunan umarnin da kowace ta kira, kuma abin da nake zargin za ki gani, idan ba ki yi rubutu mai yawa ba tun daga lokacin, shi ne C-k a kan layin babin yana naɗe. Ɗigo ukun da ke ƙarshen naɗaɗɗen kai suna wakiltar duk abin da ke ƙarƙashinsa, ko da shafi 40 ne, kuma umarnin goge layi yana haɗawa da su ya tafi ba tare da ya tambaye ki ba. Abin da C-k ya ɗauke kuwa ba zubar da shi yake yi ba, yana ajiye shi ne a jerin abubuwan da aka yanke. Ki buɗe sabon fayil, ki danna C-y, ki riƙa bin sa da M-y har babin ya bayyana. Daga Emacs 28 zuwa sama M-y shi kaɗai ma yana nuna jerin ki zaɓa. Ki adana shi da wani suna nan take. Umarnin M-x diff-buffer-with-file zai nuna miki bambancin abin da ke buɗe da abin da ke kan faifai, M-x diff-backup kuma zai gwada fayil ɗin da tsohon kwafinsa.

Yanzu ga shawarar abokin karatunki, wadda ita ce ta fi damuna a cikin tambayarki, domin kusan kullum sai na ci karo da wanda aka ba irin ta, kuma mafi yawansu sai sun aikata suke zuwa tambaya. Tushenta wani zato ne da ya kama mutane, cewa abin da ido ke gani a kan allo shi ne abin da ke cikin fayil, saboda haka idan allon ya rikice to manhajar ce ta lalace, maganinta kuma a kashe a kunna, in ta ƙi a sake saukewa. Wannan dabara tana iya yin aiki ga waya da ta daskare. A nan kuwa kowane mataki nata yana rushe ɗaya daga cikin hanyoyin da za a bi a ceto rubutun, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya domin ki ga girman abin da aka so ki yi.

Rufe Emacs yana shafe tarihin da C-/ ke bi ya mayar da gyara baya, kuma a tsarin asali yana shafe jerin abubuwan da aka yanke, wato wurin da na ce mai yiwuwa babinki yake zaune a yanzu. Kafin ya rufe zai tambaye ki ko ki adana, mutumin da ke cikin firgici kuma y, wato "e", yake dannawa, sai fayil mai giɓi ya hau kan mai lafiya. Adanawar nan kuma tana goge fayil ɗin da ke tsakanin alamun #, wanda Emacs ke rubutawa da kansa bayan kowace dannawa 300 ko bayan daƙiƙa 30 na zama ba aiki, kuma wanda M-x recover-this-file ke dogara da shi. Mafi muni shi ne abin da ke faruwa da fayil mai alamar ~. Emacs yana yin wannan kwafi ne sau ɗaya, a adanawar farko bayan an buɗe fayil, ba ya kuma sake taɓa shi komai yawan adanawar da aka yi muddin fayil ɗin yana buɗe. Ke nan idan tun kafin ɓatan babin kika buɗe fayil ɗin, kwafinki mai alamar ~ yana nan da babi na uku cikakke. Amma da zarar kin rufe kin sake buɗewa kin adana, sai Emacs ya ɗauki fayil mai giɓin ya mai da shi sabon kwafi, ya danne tsohon, domin kwafi ɗaya tak yake riƙewa sai an umarce shi da wani abu daban. Sannan ga goge .emacs.d: mutane da yawa sun kwafo saitin da ke tura duk kwafin ajiya zuwa cikin wannan folda ta hanyar backup-directory-alist, ba tare da sun san sun yi ba. Wanda ya goge ta ya goge saitinsa na shekaru, ya haɗa da ajiyarsa ta ƙarshe. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu ba da wannan shawara ba sa tambayar komai. Ba su nemi ganin saƙon kuskure ba, ba su san girman fayil ɗin ba, ba su ma san wace sigar Org ce ke aiki ba, amma bakinsu bai yi nauyin cewa "ya lalace" ba. Fayil ɗin Org zallar rubutu ne da taurari a farkon layi. Carsten Dominik, masanin taurari da ya fara rubuta shi a 2003, ya gina shi ne a kan tsarin kanu na Emacs, kuma duk naɗewa da launi da kike gani Emacs ne ke ɗora su a lokacin nunawa, ba sa shiga cikin fayil. Sake sauke manhaja ba ya ƙara ko harafi ɗaya a fayil ɗin da aka yanke wa babi. Akwai kuma ɗaya ɓangaren zaton, wanda masu ɗan sani ke yaɗawa, cewa tunda zallar rubutu ne ba ya buƙatar ajiya. Zallar rubutu yana kare ki daga ranar da manhaja za ta daina buɗe fayil ɗinki, amma bai taɓa kare kowa daga yatsansa ba.

Batun TAB da ba ya buɗe wasu kanu wata matsala ce daban, kuma sabuntawar da kika yi ce nake tuhuma. Kowane Emacs yana zuwa da nasa Org: Emacs 28 da 9.5, Emacs 29 da 9.6, Emacs 30 da 9.7. A sigar 9.6, wadda ta fito a ƙarshen 2022, an sake rubuta sashen naɗewa gaba ɗaya. Idan aka sauke sabon Org alhali tsohon yana aiki a wannan zama, sai a harhaɗa sabon da guntayen tsohon, a sami gauraye. M-x org-version zai nuna miki siga da foldar da aka ɗauko ta, kuma idan gauraye ne yakan faɗa ƙarara. Gyaran, bayan kin ceto babinki ba kafin nan ba, shi ne ki cire Org ɗin da kika sauke, ki fita, ki shiga sabon zama da ba a buɗe ko fayil ɗin Org ɗaya ba, ki sake sauke shi daga GNU ELPA, rumbun da ake sauke ƙarin manhajojin Emacs. Da mako uku a gabanki, ni da zan ce ki tsaya a kan wanda ya zo da Emacs ɗinki har ki miƙa aikin. Domin ki gane ko laifin saitinki ne, ki buɗe kwafin fayil ɗin da emacs -Q, wanda ke kunna Emacs ba tare da saitinki ba, a wata taga. Idan ya yi aiki daidai a can, to gyaran a init.el, fayil ɗin saitinki, yake, layi ne za a nemo ba folda za a goge ba.

Idan komai ya daidaita, ki saita org-ctrl-k-protect-subtree zuwa t domin ya tambaye ki kafin C-k ya ɗauke ɓoyayyen reshe, ki mai da org-fold-catch-invisible-edits zuwa show-and-error domin ya tsayar da gyara a ɓoyayyen rubutu, ki kuma sa version-control ya zama t domin Emacs ya riƙa tara kwafi masu lamba. Idan kika sa foldar a ƙarƙashin Git, manhajar da ke rajistar canje-canjen fayiloli, wanda nake ba ki shawarar yi, ki sani cewa Emacs yana daina yin kwafin ~ ga fayilolin da Git ke kula da su sai kin kunna vc-make-backup-files, saboda haka rajistar canje-canje kullum ta zama wajibi a kanki.

Idan kin bi duk wannan babin bai fito ba, ki turo min abin da M-x org-version da M-x emacs-version suka nuna, da abin da ke cikin C-h l, da girman fayil ɗin da na kwafinsa mai alamar ~ tare da lokacin da aka taɓa kowannensu na ƙarshe. Ki bar Emacs ɗin a buɗe har sai na amsa miki.