Ina Rubuta Tarihin Mutanenmu Ba Mai Karantawa: In Ci Gaba Ko In Ajiye Alƙalami?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne mai ritaya a ƙasar Zuru. Fiye da shekara goma ke nan ina rubuta abin da na sani da wanda na ji daga bakin dattawa game da mutanenmu Dakarkari: golmo (noman da saurayi ke yi wa suruki don neman aure), bikin Uhola, waƙoƙin noma, sunayen tsaunuka da kufai, wani lokaci kuma ra'ayina kan halin da muke ciki. Da Hausa nake yi, ina sa harshenmu C'lela inda ya kama. Duk wata nakan buga in raba, wasu in tura musu ta waya. Da farko ana yi mini magana, yanzu shiru kake ji, ko 'ya'yana ba sa dubawa. Ido ya fara rauni, kuɗin bugawa kuma daga fansho nake cira. In ci gaba ne, ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiyar ido. Shawarata ita ce kada ka ajiye alƙalami, amma ka ajiye wannan tsari na fitarwa duk wata. Shi ke cin kuɗinka da idonka, shi ne kuma yake sa ka zauna kana jiran a ce maka sannu.

Aiki biyu ka haɗa wuri ɗaya. Ra'ayinka kan halin yau yana bukatar mai karatu na yau. In babu shi, ka bar wannan ɓangare ba tare da jin ka yi laifi ba, don masu faɗin ra'ayi ba su yi kaɗan ba. Abin da tsoho ya gaya maka game da yadda ya yi shekarun golmo yana noma gonar surukinsa kafin a ba shi mata, da waƙar da suke yi in sun jera a kunya, wannan kuwa shaida ce. Mai bukatarta wataƙila ba a haife shi ba tukuna. Irin shuka ne da ake ɓoyewa a rumbu, ba a auna amfaninsa da yawan waɗanda suka ci a bana.

Mu da ke aikin tattara tarihin baka mun san darajar irin wannan takarda, don ita muke nema ruwa a jallo. A 1854 wani Bajamushe mai suna Koelle ya wallafa jerin kalmomi na harsunan Afirka fiye da ɗari, waɗanda ya tattara a Firitawun ta Saliyo daga bakin bayin da aka 'yanta. Akwai Hausa a ciki, akwai Kambari. Mutanen da suka zauna suka faɗa masa yadda ake cewa ruwa da wuta da uwa a harshensu ba su san wa zai karanta ba, ga shi har yau masu nazarin harsunan yankin nan suna komawa gare shi. Ka dubi na mutanenka ma. Wanda ya tashi binciken Dakarkari da wuya bai bi ta kan bayanin da wani jami'in mulkin mallaka, P. G. Harris, ya buga a 1938 ba. Baƙo ne, da idon baƙo ya gani. Kai kuwa a ciki aka haife ka, ka san wanda ya kamata a tambaya da wanda zai ƙara gishiri. Abin da ke damuna ke nan in na ji irinka zai daina.

Ga shi kuma lokaci ba ya jira. A nan jihar Kebbi, Kyangawa da yawa sun koma Hausa, harshensu ya rage a 'yan ƙauyuka. Gungawan Yawuri ma haka, musamman bayan da madatsar ruwa ta Kainji ta cika a 1968, ruwa ya shafe tsibirai aka tashi mutane. C'lela bai kai nan ba, alhamdu lillahi. Amma ka fi ni sanin abin da rashin tsaro ya yi wa ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba. In gari ya watse, tsohon da ya san sunan kowane dutse yakan ƙare a ɗakin haya a cikin gari, jikokinsa na yi masa Hausa, ba mai tambayarsa komai.

Game da shirun da kake ji, kada ka ɗauka rubutun ne bai yi kyau ba. Yawancin masu jin C'lela ba a koya musu karanta shi a makaranta ba, da Turanci da Hausa aka koya musu. Matashi zai iya yin hira da kakarsa har dare, a miƙa masa takarda da harshen ya tsaya yana in-ina. Mutanenmu kuma da kunne suka fi karɓar labari. Ka gwada karanta shafi ɗaya da bakinka ka naɗa a waya, minti uku ko huɗu, ka tura wa waɗanda ka saba tura wa rubutu. Sau da yawa a nan ake samun wanda zai kira ya ce a garinsu ba haka ake rera wannan waƙa ba, gyaran nan kuwa shi kansa abin rubutawa ne.

Yanzu ga inda nake so ƙarfinka ya koma. Ka tsayar da sabon rubutu na ɗan lokaci, ka tattaro na shekarun nan duka. A saman kowane labari ka rubuta wanda ya ba ka shi, garinsu, kimanin shekarunsa, da shekarar da kuka zauna. Wannan shi ne abin da aka fi sakaci da shi, kuma shi ke raba takardar da masani zai dogara da ita da wadda zai ajiye gefe. In ka manta, ka rubuta cewa ka manta, kada ka cike da zato. Ka bambanta abin da ka gani da idonka da wanda aka ba ka labari. Waƙa da kirari da karin magana ka bar su da C'lela yadda aka faɗa, fassarar Hausa ta biyo a ƙasa. Dattawan da suka rage kuma, ka koma musu da waya ka naɗi muryarsu bayan ka nemi izini, domin rubutu ba ya riƙe karin sauti yadda murya ke riƙewa. Abin da suka ce sirri ne na gargajiya, ka bar musu sirrinsu. Amanar da suka ba ka ta fi cikar littafi.

Sai maganar ajiya. Takarda a akwati abincin gara ce, waya kuma tana faɗawa ruwa ko a sace ta. Ka yi kwafi uku aƙalla, a wurare daban-daban. Ɗaya a gida, ɗaya wurin wanda ka yarda da shi a wani gari, ɗaya kuma ka miƙa wa wata cibiya: Gidan Arewa da ke Kaduna, ko Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko sashen tarihi ko na harsuna a ɗaya daga jami'o'in da ke kusa. Ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai suna nan da yawa, wani zai buga maka a kwamfuta ya hutar da idonka, shi ma ya amfana. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2022 zuwa 2032 don harsunan 'yan asalin ƙasa, saboda haka ba lokacin jin kunyar ƙwanƙwasa ƙofa ba ne. In Allah ya hore, kuɗin da kake kashewa duk wata ka tara su ka buga littafi ɗaya, ko kwafi hamsin ne, ka kai wa Laburaren Ƙasa nasa kason kamar yadda doka ta tanada.

'Ya'yanka kuwa kada ka matsa musu. Ka nuna musu inda ka ajiye, ka gaya musu sunan cibiyar da ka kai wa. Ranar da aka kammala tattarawa aka miƙa, in ka ji jiki ya gaji ka huta abinka, in kuma wani labari ya zo maka ka rubuta shi a lokacin da ka ga dama, ka ƙara a kan na baya.